Waya a Bakin Zulai

Shekara ashirin ina ɗaure ƙafar keke a Gangare,
na san sifok ba ya son gaggawa:
ka murɗa wannan kaɗan, ka sassauta wancan,
ka juya, ka kanne ido, ka duba,
har ƙafar ta daina rawa.
Ban taɓa zaton za a yi wa bakin 'yata wannan aiki ba,
sai ga mu a Lamingo, a kan benci, muna jiran waya.

Haƙoranta na sama sun riga na ƙasa fita,
kamar rumfar shago da ta zarce bango.
Fiƙa ɗaya ta hau kan maƙwabcinta ta zauna.
In za ta gatsa rake sai ta kai shi gefe,
in ta yi barci leɓe ba ya haɗuwa.
A makaranta sun laƙa mata suna, ba zan faɗa ba.
Tun tana aji uku ta koyi dariya a bayan tafin hannu,
duk hoton Sallah bakinta a ɗinke,
kamar wadda ta ci bashin duniya.

Iya Kande ta ce, "Tanimu, ka ji tsoron Allah,
wa ya taɓa sa wa ɗan mutum linzami?
Haka kakanta yake, ya ci nama har ya tsufa."
Na ce, "Iya, ya ci, amma da wuƙa."
Ta jefe ni da mafici, ta juya baya.

Likita Nanbam ba ta da yawan magana.
Ta cika bakin da wani abu kamar kwaɓin alabo,
bayan mako sai ga bakin Zulai a kan tebur,
fari fat, ba leɓe, ba inda zai ɓuya.
Ta ce wata ashirin da huɗu. Ta faɗi kuɗin.
Na lissafa da faci, lissafin ya ƙi ƙarewa.
Na sayar da babur, na koma keke kamar jiya.

Makon farko ta yi kuka.
Sanyin Jos kan shiga ƙarfe kafin ya shiga mutum;
da asuba sai ta ce haƙoranta na jin iska.
Ba gasasshiyar masara, ba ƙuliƙuli,
sai gwaten acca da dankalin da aka dame,
da ɗan kakin da take mannawa inda ƙarfe ke cizon kumatu.
Ƙannenta na tauna gyaɗa a bayan tanki,
ban sani ba, tausayi ne ko tsiya.

Duk wata mu koma, a murɗa kaɗan.
Kaɗan kawai.
Ina kallon yatsun likita, nawa na motsi a aljihu.
Zulai ta zaɓi shuɗiyar roba, wata na gaba ja.
Ni ban ga abin da ya gusa ba,
ai dutsen Shere ma kullum yana inda yake.
Sai da aka ajiye tsohon baki kusa da sabo
na ga haƙori ya yi tafiya.

A wata na goma sha tara likita ta nuna tsakiya:
"Saura 'yar ƙofar nan, wata biyu mu rufe ta."
Zulai ta riƙe hannunta,
magana na fitowa da iska ta tsakanin ƙarfe:
"A bar min ita. Ta Mama ce."
Shekara shida ke nan da muka raka uwarta hanyar Zariya.
Na fita waje, wai zan amsa waya.

Ranar da aka cire, Iya Kande ce ta sayo rake,
ta fere shi da kanta, tana mita.
Zulai ta gatsa ta gaba. Ya tsage.
Hannunta ya taso zuwa baki, don ya saba,
ya tsaya a hanya, ya sauka kan cinya.
Haƙora a jere kamar sifok ɗin da na yarda da shi,
a tsakiya kuma uwarta na leƙowa
ta wushirya.